Mun Iya Dubiya, Ba Mu Iya Karɓar Jinya Ba

Tun farko ina neman afuwa, yau ban zo da batun ƙa'idojin rubutu ko dabarun tsara labari ba. Ƙorafi na zo da shi, kuma ƙorafin ya shafe ni, ya shafe ku, ya shafi al'ummar da muke iƙirarin don ita muke rubutu.

A 'yan watannin nan na karanta labarai har huɗu cikin waɗanda ake turawa a WhatsApp, kowanne da tauraruwa mai ciwon sikila. Kusan duk kamarsu ɗaya. Yarinya ce fara, siririya, mai manyan idanu da haƙuri kamar damo. Ana tsaka da soyayya sai ciwo ya tashi, marubuci ya ce "hankali a tashe aka yi asibiti da ita." Layi na gaba kuma sai ka ga "bayan kwana biyar aka sallame su." Shi ke nan, an koma soyayya.

To ni tambayata ita ce, a cikin kwana biyar ɗin nan da marubuci ya tsallake da layi ɗaya, wa ya kwana da ita? A ina ya kwanta? Wa ya dafa wa ƙannenta abinci? Wa ya tashe su makaranta? Kuɗin wa aka taɓa? Ina tambaya ne domin shekara goma sha huɗu ke nan ina rayuwa a cikin wannan layin da ake tsallakewa.

Ni ce babba a ɗakinmu, mu huɗu ne. Autanmu yana da wata takwas hannayensa da ƙafafunsa suka kumbura, ya kwana uku yana tsala kuka. Aka yi maganin shawara, aka yi na iska, daga ƙarshe gwajin asibiti ya nuna amosanin jini ne. A lokacin shekarata goma sha ɗaya.

Ga wanda bai san yadda ciwon yake ba, bari in taƙaita. Ƙwayar jinin mai lafiya zagayayya ce, mai laushi, tana ratsa ƙananan hanyoyin jini ba wahala, kuma tana yin kimanin kwana 120 kafin ta mutu. Ta mai sikila takan lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri, ta toshe hanya, kuma ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Toshewar ita ke kawo ciwon ƙashin nan da ke sa yaro birgima, mutuwar ƙwayoyin da wuri kuma ita ke kawo ƙarancin jini. Sanyi yana tayar da shi, ƙarancin ruwa a jiki yana tayar da shi, zazzaɓin cizon sauro yana tayar da shi, wani lokacin ma haka kawai. Idan uwa da uba duk AS ne, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu a Nijeriya yana ɗauke da wannan ƙwayar gado, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ana haifar jarirai wajen 150,000 masu ciwon a ƙasar nan duk shekara, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya. Ku ninka wannan adadi da uwa, da uba, da yayye, da ƙanne. Sannan ku ƙara da gidajen da ke da yaro mai kansa, da mai ciwon ƙoda, da mai ramin zuciya, da wanda shawara ko doguwar naƙuda ta taɓa wa ƙwaƙwalwa ba ya zama ba ya tafiya. Da wuya a sami layi a unguwanninmu da babu irin wannan gida.

Duk wanda ya taɓa jinya a asibitocinmu ya san aikin ɗan'uwan mara lafiya. Shi zai bi layin kati, shi zai bi layin biyan kuɗi, shi zai kai jini ɗakin gwaji ya koma ya karɓo sakamako, shi zai fita waje neman maganin da babu a ciki, shi zai nemo mai ba da jini, shi zai zubar da fo, shi zai sa ido a kan ledar ƙarin ruwa ya kira nas idan ta kusa ƙarewa. Ba laifin ma'aikata nake gani ba, nas ɗaya ce a kan gadaje masu yawa. A gidanmu wannan aiki duka a kan Umma yake, domin Baba in bai fita kasuwa ba babu kuɗin maganin.

Akwai wani hunturu da ba zan manta ba. Sau uku aka ba mu gado, na ƙarshen muka yi kwana goma sha tara. Umma a kan tabarma take kwana a gefen gado, in ma za a kira shi kwana, domin ƙanena ba ya barin a daina danna masa ƙafa. Da la'asar ta yi sai 'yan dubiya su fara shigowa, da ayaba da lemo da kular abinci. "Ya mai jiki? Sannu. Allah ya sa kaffara ne." Umma ta tashi ta ba su tabarmar, ta tsaya tana amsa gaisuwa, tana maimaita labarin yadda ciwon ya fara ga kowane sabon shigowa. Wata ranar Lahadi na ƙirga mutum ashirin da uku. Dukkansu masoyanmu ne, dukkansu sun kashe kuɗin mota, Allah ya saka musu da alheri. Amma kafin isha'i babu ko ɗaya, kuma babu wanda ya ce, "Yaya, tashi ki je gida ki yi wanka ki yi barci, ni zan kwana."

A rana ta goma sha shida Umma ta yanke jiki ta faɗi a layin karɓar magani. Jininta ne ya hau. Sai a lokacin dangi suka yi ca, gwaggo ta zo da kayanta, ƙanwar Umma ta baro gidanta. Ashe da ma akwai masu iya kwana. Jira kawai ake mai jinya ta zama majinyaciya.

Wannan shi ne ƙorafina na farko. Mun ƙware a dubiya, har muna gaba da wanda bai zo duba mu ba. Amma karɓar jinya, wato ka ɗauke wa mai jinya nauyin na 'yan awoyi ko na kwana ɗaya ya samu ya huta, ba mu mayar da shi al'ada ba. Sannu tana da daɗin ji, sai dai ba ta yi wa kowa barci.

Wadda ta koya mana bambancin wata dattijuwa ce maƙwabciyarmu mai sayar da ƙosai, ba ta taɓa shiga aji ba. Bayan an sallamo mu ta shigo ran wata Alhamis da daddare da bargonta a kafaɗa, ta ce wa Umma, "Maman yara, shiga ɗakin 'ya'yanki ki kwanta, yau ni da mijina za mu kwana." Umma ta fara kawo uzuri, ta ce mata, "Ni na haifi tara na binne uku, babu kukan yaron da ban sani ba. Ki nuna mini maganinsa da lokacinsa kawai." Aka nuna mata. Aka gaya mata ta riƙa ba shi ruwa akai-akai, ta lulluɓe shi, ta gasa masa gaɓoɓi da ruwan ɗumi, kuma in ta ji jikinsa ya yi zafi, ko numfashinsa ya canza, ko ya yi fari fat, ko cikinsa ya kumbura, ko wani ɓangare na jikinsa ya saki, ta tashi kowa nan take. Ta riƙe wannan kamar karatun sallah. Shekara huɗu duk lokacin da jikinsa ya motsa daren Alhamis nata ne, har Allah ya karɓi ranta. Allah ya jiƙanta.

Abin da daren nan ɗaya ya yi wa gidanmu ya fi ƙarfin lissafi. Ranar Juma'a Umma takan tashi da fuskarta ta da. Ta yi mana kitso. Ta tambayi ƙanena na tsakiya ina littafinsa. Ta zauna ta ci abinci tare da Baba. Shi kansa mara lafiyar yakan fi sakewa, domin uwar da ta yi barci ta fi uwar da ta kwana uku a tsaye haƙurin lallashi, ta kuma fi ta lura da lokacin magani.

Ƙorafina na biyu a kan mu ne, 'yan'uwan mara lafiya, mu da ba a tambayar ya jikinmu saboda lafiyarmu ƙalau.

Ina 'yar shekara goma sha biyu na fara tuƙa tuwon gida. Na iya wanke wa ƙannena kayan makaranta kafin in iya ɗaura ɗankwali. Kowa yabona yake, "yarinyar nan akwai hankali, ta zama uwa." Babu wanda ya lura cewa a aji barci nake. Jarrabawar kammala sakandare sai da na zauna sau biyu, kuma kuɗin rajistar karatun diflomata na shekarar farko a ƙarin jini ya tafi, na jira wata shekarar. Ban faɗi wannan don a tausaya mini ba, da za a maimaita zan sake yi. Na faɗa ne don a san yabon da ake yi wa irinmu sau da yawa hanya ce ta sauke nauyi daga kan manya a ɗora wa yarinya.

Ƙanena na tsakiya kuwa, yana da shekara takwas ya fara ƙorafin ciwon ƙafa. Aka kai shi asibiti, babu komai. Ya sake, aka sake kai shi, babu komai. A karo na uku Baba ya zane shi saboda ƙarya da ɓarnar kuɗi. Da daddare yana kuka na tambaye shi me ya sa yake haka, ya ce, "Yaya, ni ma so nake Umma ta zauna a kusa da ni." Yaro ya duba gidansu ya gano cewa ciwo ne kaɗai ke sa a zauna kusa da mutum, sai ya nemo nasa. Har yau shi ne mafi ƙarancin magana a gidanmu.

Akwai kuma abin da ba ma faɗa. Akwai daren da na gaji har na ji a raina ina ma komai ya ƙare. Na tsorata da kaina, na yi ta istigfari, na ɗauki kaina muguwa na tsawon shekaru. Sai da na girma na zauna da wasu da suka taso a irin gidanmu na gane ba ni kaɗai ba ce. Muna son ɗan'uwanmu kamar rai, muna jin haushinsa, muna jin kunyar haushin, muna tsoron ranar da za a ce babu shi, duk a cikin ƙirji ɗaya, kuma babu wanda za mu gaya wa, domin Umma da nata ya ishe ta. Ƙissar Annabi Yusuf (AS) da muke karantawa tun muna allo ta isa ta nuna mana abin da zaton fifiko ke haifarwa a tsakanin 'ya'yan mutum ɗaya. A gidan jinya iyaye ba fifiko suke yi ba, larura ce, amma yaro ɗan shekara takwas bai san wannan bambanci ba.

Shi ma mai ciwon yana gani. Ranar da ƙanena ya ce mini, "Yaya ki yi haƙuri, ni na sa ba ki je makaranta ba," na fi jin ciwonta fiye da faɗuwa jarrabawar. Yaron da ke fama da ƙashinsa bai kamata a bar shi yana ɗaukar kansa a matsayin masifar gidansu ba. Duk wanda ya hutar da uwarsa ya sauke masa wannan nauyin shi ma.

Wasu ƙasashen sun daɗe da mayar da wannan abu tsari. A birnin Oxford na Ingila, a 1978, wata yarinya 'yar shekara biyu ta kamu da ƙari a ƙwaƙwalwa, aka yi mata aiki, ta rayu amma ba ta iya yi wa kanta komai. Iyayenta suka mayar da ita gida suna jinya dare da rana. Wata ma'aikaciyar coci da ta karanci aikin jinya, Sista Frances Dominica, ta roƙe su su riƙa ba ta yarinyar na 'yan kwanaki su samu su huta. Daga wannan ne aka gina Helen House, wanda aka buɗe a watan Nuwamba na 1982, gida na farko a duniya da aka keɓe don yara masu ciwon da ba a sa ran warkewarsa. Yaro yakan je ya yi kwanaki a hannun ƙwararru, iyaye su koma gida ko su zauna a ɗakin baƙi su yi barci. Irin waɗannan gidaje a yau har shirye-shirye suke yi wa 'yan'uwan mara lafiya, a tara su su yi wasa, su yi magana da wanda zai saurare su. Tun 2011 kuma akwai ƙa'ida a Ingila da ta wajabta wa ƙananan hukumomi samar wa masu kula da yara masu naƙasa gajeren hutu, na rana, na kwana, na ƙarshen mako da na lokacin hutun makaranta. Ku lura da mafarin abin. Mace ɗaya ce ta ce a ba ta yarinya iyaye su huta, daidai abin da mai ƙosan layinmu ta yi.

Na san abin da wasu za su ce, domin an sha gaya mini.

Za a ce wannan tsarin Turawa ne, mu ba ma kai 'ya'yanmu gidan raino, muna da dangi. To ai maganar tawa ke nan, ina dangin? Kuma wa ya ce hutar da mai ɗawainiya baƙon abu ne a wurinmu? Mace ta haihu, a mayar da ita gida wankan jego, ko a turo mata tsohuwa ta kwana arba'in tana dafa mata ruwa, tana yi wa jariri wanka, ita kuwa ta ci ta kwanta. Lokacin yaye a kai yaro wurin kaka. An yi mutuwa, maƙwabta su ɗauke wa gidan girki na kwanaki. Manomi aiki ya fi ƙarfinsa, a yi masa gayya. Kakanninmu sun tanadi hutu ga mai jego, da mai yaye, da mai makoki, da mai gona. Wanda ya faɗa rami shi ne mai jinyar da ba ta da ranar ƙarewa, domin al'adunmu duk masu wa'adi ne, kwana uku, kwana bakwai, kwana arba'in. A da irin waɗannan yara da yawa ba sa kai shekara biyar. Yanzu da rigakafi da magunguna suna rayuwa, alhamdu lillahi, jinyarsu ta koma ta shekaru. Kiɗa ya canza, rawarmu ce ba ta canza ba.

Za a ce uwa ce, ladanta ne, ta yi haƙuri. Wannan ita ce maganar da ta fi ɓata mini rai, domin kusan kullum mai faɗinta ya yi barcinsa ya ƙoshi. Haƙuri ibada ne, babu musu, amma ban taɓa jin malamin da ya ce ladan uwa yana raguwa don ta yi barcin awa shida ba. Kuma in lada ake so, me ya sa za a bar mata ita kaɗai? Sayyidina Usman (RA) bai halarci yaƙin Badar ba saboda yana jinyar matarsa Nana Ruƙayya, kuma Manzon Allah (SAW) ya ba shi ladan wanda ya halarta da rabonsa. Namiji ne, babban sahabi, aka ajiye shi jinya a ranar da Musulunci ya fi bukatar maza. Mu kuwa saurayi majiyi ƙarfi zai kwana a majalisa yana kallon ƙwallo, amma a ce ya kwana da ɗan yayarsa a asibiti sai ya ce aikin mata ne.

Za a ce babu mai iya kula da yaro kamar uwarsa, in wani abu ya faru fa? Wannan tsoro gaskiya ne, ban raina shi ba. Akwai yaran da jinyarsu sai wanda ya koya, kuma ba kowa za a miƙa wa yaro ba, amana da tarbiyya suna gaba da komai. Amma amsar tsoron ita ce a koyar, a zaɓi amintattu biyu ko uku a dangi ko maƙwabta, a je da su asibiti ranar ganin likita, a rubuta musu magani da lokacinsa da alamomin haɗari da lambar da za su kira. Gidan da mutum ɗaya tak ya san maganin yaro shi ne yake cikin haɗari, domin ranar da wannan mutum ya faɗi, kamar yadda Umma ta faɗi, babu wanda ya san inda aka kwana. Iyaye mata ku ma da naku. Wata ko an ce za a karɓe ta sai ta ƙi, don kada a ce ta gaji da ɗanta. Gajiya ba rashin so ba ce, jiki ne, kuma jiki magayi.

Za a ce babu kuɗi, gwamnatin da ba ta wadata asibiti da gado ba ita za ta gina gidan hutu? Ban ce a jira gini ba. A jihar Kerala ta Indiya, tun farkon shekarun 2000, unguwanni suka kafa ƙungiyoyin 'yan sa-kai da ake ba wa gajeren horo, suna zagayawa gidajen masu doguwar jinya tare da goyon bayan nas da likita, kuma mafi yawan kuɗin daga ƙananan gudummawar mutanen gari yake fitowa. Gundumar Malappuram, inda Musulmi suka fi yawa, tana cikin wuraren da abin ya fi kafuwa. Ba attajirai ba ne. Mu nan muna da adashe, muna da zumuntar dangi ta wata-wata, muna da kwamitin masallaci, muna da 'yan agaji. Dangi guda za su fitar da anko kala uku a biki ɗaya, su buɗe zauren WhatsApp don tsara ranar kamu da ranar dina. Zauren da ya iya tsara wannan zai iya tsara wa zai kwana ran Litinin, wa zai kwana ran Alhamis.

Akwai kuma masu gori: wa ya ce su yi auren ba gwaji? A watan Mayu na 2024 Gwamnan Kano ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na rukunin jinin da ke nuna sikila. Na yi murna da dokar, ni kaina AS ce, kuma na rabu da wanda nake so a kan wannan dalili. Amma dokar ta 'ya'yan da ba a haifa ba ce. Waɗanda aka riga aka haifa fa? Iyayena sun yi aure lokacin da ba su taɓa jin sunan gwajin ba. Duk ranar 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya, za a cika rediyo da kira a yi gwaji, a raba riguna, a ɗauki hoto, a watse. Ban taɓa jin an ware minti biyar an yi wa dangi da maƙwabta bayanin yadda za su karɓi uwar da ke jinya ba.

Yanzu bari in dawo gare mu, marubuta.

Wani zai ce mu ba likitoci ba ne, ba gwamnati ba ne. Haka ne. Amma mu ne muke shiga ɗakunan da likita ba ya shiga. Matar da ba ta taɓa halartar taron wayar da kai ba tana kwana da labarinmu a wayarta. Littattafan Hausa sun taka rawa wajen sa mutane su yi magana a fili a kan auren dole da karatun 'ya mace da zaluncin kishiya da na uwar miji. Abin da muka yawaita nunawa shi mai karatu yake ɗauka a matsayin yadda rayuwa take. Idan a duk labaranmu uwa tagari ita ce wadda ba ta runtsawa har sai ta faɗi, kuma 'ya tagari ita ce wadda ta bar makaranta ba ta ce uffan ba, to muna taya al'umma danne su ne, muna kuma yi wa dannewar ado.

Mun mayar da ciwo kayan kwalliyar labari. In labari ya yi sanyi sai mu kwantar da wani a asibiti don mai karatu ya yi hawaye, in hawayen ya samu mu sallame shi ko mu kashe shi. Wannan ha'inci ne ga masu ciwon, kuma lalaci ne a sana'a. Muna ta yawo a Dubai da gidajen masu kuɗi muna neman abin rubutawa, alhali labari yana bayan katangarmu. Uban da ya tsaya a bakin kantin magani da kuɗin da ko dai ya sayi allura ko ya biya kuɗin jarrabawar babbar 'yarsa, wannan ba rikici ba ne? Miji da matar da suka shekara ba su yi hirar da ba ta ciwo ba, har ya fara tunanin ƙaro aure don ya sami inda zai yi dariya, yana kuma jin kunyar tunanin? Yaron da ya ƙirƙiri ciwon ƙafa? Budurwar da manema ke gudu da zarar sun ji a gidansu akwai mai sikila? Tsohuwar da ta shigo da bargo a kafaɗa? Wace tauraruwa muka taɓa ƙirƙira da ta kai wannan tsohuwa?

Ba ina cewa ku mayar da labari wa'azi ko darasin kiwon lafiya ba, mai karatu zai gudu. Cewa nake ku daina tsallake kwana biyar ɗin nan. Ku shiga ciki. Kafin ku rubuta ciwo ku je ku gan shi. Ku nemi izinin wani gida da ke jinya, ku zauna, ku ji warin ɗakin, ku ga yadda ake lissafin kuɗi a gefen zani, ku lura da yaron da ke raɓe a bakin ƙofa ba mai kula shi. Ku tambayi nas abin da ba ku gane ba, kada ku rubuta cewa an yi wa mai sikila allura ɗaya ya warke har abada. Kuma ku kiyaye sirrin mutane, kada a buɗe muku gida ku fito ku tallata shi.

Amma kada ku je da biro kawai. In kun je, ku karɓi wani abu. Ba lallai sai kwana ba. Ki ce wa uwar ta shiga ta kwanta awa biyu ke kina zaune. Ka ɗauki ƙannen ka kai su gidanku su wuni da yaranku, ka duba musu aikin makaranta. Ka karɓi bin layin magani na ranar asibiti. Ki ɗauke musu girkin rana ɗaya a mako, ki kuma tsayar da ranar, domin taimakon da aka san ranar zuwansa shi ake iya dogara da shi. Kada ku ce "in kuna bukatar wani abu ku faɗa," ba za su faɗa ba, kunya ba za ta bari ba. Ku faɗi abin da za ku yi da ranar da za ku yi shi. In za ku kai tsaraba, ku sa da ta sauran yaran, ku kira su da sunansu ku tambaye su ya makaranta. Ƙungiyoyinmu na marubuta da ke taron wata-wata, me zai hana kowace ta ɗauki gida ɗaya a garinta? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun rubuta wannan karin magana a labarai ba adadi, saura mu gwada ta.

Ƙanena yana nan da ransa, yana aji uku na ƙaramar sakandare, yana son zane. Hunturu na ƙaratowa, Umma ta fara fito da barguna. Bana mu huɗu muka raba kwanakin, ni da ƙanena na tsakiya da gwaggo da wata jikar mai ƙosai, wadda ta ce ta gaji daren Alhamis.

Wanda yake ganin na yi tsauri ko na yi kuskure, ƙofa a buɗe take, ya gyara mini. Wanda kuma ya taso a irin gidanmu, ina roƙonsa ya rubuta nasa, domin ba ni kaɗai ba ce, kuma shirun ya isa haka. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙarfafi masu jinyarsu, ya sa mu zama masu sauke wa juna nauyi.